Jakar Ulun da Ka Bar Mini In Zaɓa

Malam,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, na san wannan takarda ba za ta same ka ba. To, da kana da rai ma karantawa kake yi? Takardun likita nawa na tsinta a ƙofar motarka ko buɗe su ba ka yi ba? Amma tun ranar Talata raina a ɓace yake, kuma kai ka ɓata shi, don haka kai za ka ji.

Gida lafiya lau. Na fita takaba, na koma aiki. Yayanka ya kira daga Maraɗi, ya ce gero ya yi kyau bana. Famfon kicin da ka ce za ka gyara kafin azumi yana nan yana ɗiga.

Ranar Talatar ina tsaye a tashar bas ta cikin gari sai wayarka ta yi ƙara a jakata. Har yanzu ban iya kashe layin ba. Wata tsohuwar Baturiya ce daga can cikin duwatsun yammacin ƙasar nan ta Amurka, Misis Opal. Ta ce ita ce mai ɗinka wa mafarauta jakar goyo ta ulu da hannu, ka shekara ɗaya da rabi kana jiran layi, yanzu ya zo kanka. Amma wai har yau ba ka tsayar da magana kan abu uku ba: girman jakar, da launinta, da ko zif za a sa ko maɗauri. Na gaya mata ka rasu. Sai ta fashe da kuka. Ni mai takaba ni na koma ina ba ta haƙuri, har bas ɗina ya tashi ya bar ni.

Shekara ɗaya da rabi, Malam! Ni da ka gan ni a gidan suna, kwana tara ka turo magabatanka. Jaka ce ta gagare ka?

Da na dawo gida na shiga gareji na ɗauko littafin nan mai baƙin bango da kake rubuce-rubuce a ciki. Shafi goma sha ɗaya a kan jaka kaɗai. Wai ta leda tana ƙara in ta gogi reshe, barewa ta ji ta gudu, ita kuwa ta ulu shiru take. Wai mai bindiga daga nesa yake harbi, amma mai kwari da baka sai ya matso har ya ji numfashin dabba. Wai kada igiyar kafaɗa ta yi kauri ta tare tsirkiya. Ka rubuta ruwan toka ka soke, ka rubuta kore ka soke, ka koma ruwan toka ka sa alamar tambaya. Ban da haka ma, ulu a garin nan? Lokacin da kuke fara farauta mutum zufa yake yi ko a inuwa.

Na yanke shawara zan kira matar in ce ta ba wani. Sai na ga awon da ka rubuta a shafin ƙarshe. Ni na shekara ashirin da shida ina kai wa tela awonka, na san faɗin kafaɗarka. Wannan ba bayanka ba ne.

Na kai wa Maryam littafin tana cin abinci, na ajiye mata a gaba. 'Yarka ta dube shi, ta ajiye cokali, ta fara ba ni amsa da Turanci kamar yadda take yi in ba ta da gaskiya. Ashe duk Asabar ɗin nan da kuke cewa za ka kai ta laburare ta yi karatun nas, gonar abokinka Mista Roy kuke tafiya kana koya mata harbi. Shekara uku! Ni ina nan ina soya muku ƙosai, ina gaya wa mata a masallaci irin ƙoƙarin da 'yata take yi. Har takardar izinin farauta ta yi. Ta ce ka yi alkawarin za ka gaya mini da kanka ranar da jakar ta iso. Ka ga dalilin da ya sa ka kasa zaɓar launi? Ba launin ba ne, Malam. Tsorona kake ji.

Kuma da gaskiyarka, da na hana. Yarinya baƙar fata da ɗankwali a cikin dajin mutane, inda kowa ke yawo da makami. Ka yi tunanin wannan? Ka yi tunanin abin da su Hajiya Balki na masallaci za su ce? Ka haɗa abu ka tafi ka bar ni da shi, kamar yadda ka saba barin kwano a cikin sinki.

Tunda ana tone-tone, bari in faɗi nawa. Ka tuna shekarar da ka yi ta fita kana dawowa hannu rabbana, kana cewa barewar Amurka ta yi wayo? Ni ce. Duk Juma'a sai na turara kayan farautarka da turaren wuta, in shanya su sha iska yadda hancinka ba zai kama ba. Kai ka taɓa gaya mini barewa da hanci take gane mutum. Likita ya ce ka daina hawan tudu, ka ƙi ji, na ce in ka gaji da dawowa haka za ka bari. Maryam ta ce tun makon farko ka gane. Ta ce ka yi dariya har da hawaye, ka ce kada ta nuna mini. Me ya sa ba ka yi mini faɗa ba? Da ka yi, da na samu bakin gaya maka tsoro nake ji kada ka faɗi a daji ba kowa kusa. Ga shi ba a dajin ka faɗi ba, a wurin aiki ne, da rana tsaka, cikin mutane.

Na kuma raina farautar nan taka, ban taɓa ɓoyewa ba. Na ce mutum ya tsallako teku ya zo ya koma sana'ar kakansa. Sai a shafi na bakwai na ga inda ka rubuta cewa in ka ja tsirkiya ka ce bismillah, nan ne kaɗai a ƙasar nan kake jin ba baƙo ba ne kai. Ba ka taɓa gaya mini wannan ba. Littafi ka gaya wa.

Jiya na kira Misis Opal. Minti biyar ya ɗauke ni. Ƙarama, don yarinyar ba ta da ƙiba, kuma ba kwana za ta yi a daji ba. Ruwan toka, don ba ya nuna datti. Ba zif, maɗaurin fata da maɓallin itace, tunda ka cika shafi biyu da ƙorafin ƙarar zif. Na ce ta ƙara aljihu a ciki na waya, ta kuma ɗinka ƙyalle mai ruwan lemo da za a iya lulluɓe jakar da shi, a hango 'yata tun daga nesa. Wannan ba ya cikin littafinka. Na san za ka ce ya ɓata kyan jakar. Ba a tambaye ka ba.

Ranar da za ta fara fita farauta ni zan kai ta. Matar Mista Roy ta ce in zauna wurinta a baranda, ni kuwa a mota zan zauna a bakin hanya, da carbina. Na tambayi Maryam in Allah ya ba ta sa'a wa zai feɗe. Ashe ba ta iya ba. Shekara uku kana koya mata harbi, ko wuƙa ba ka taɓa miƙa mata ba, saboda ka san wa ke tsayuwa a gareji tana yi maka wannan aikin tana mita. Na fito da wuƙaƙen, na wasa su. Da kaza za mu fara gobe.

Allah ya jiƙanka, Malam, ya yafe maka, ya haskaka kabarinka. Ni ma na yafe, amma ban huce ba tukuna.

Matarka,
Rakiya