Ƙarfen Dafawa

Litinin, 3 ga Maris

Na buɗe rumfar Yaya yau, wata huɗu da rasuwarsa. Warin yana nan, na ƙonannen ƙarfe da tsohon mai. Injin waldarsa, irin mai turo waya da gas, yana lulluɓe da buhu. Ga ƙarfen dafawa jingine da bango, wanda ya fara yi wa matarsa don ta riƙa dafawa a matakala ukun ƙofar ɗakinta. Ya yanka, ya lanƙwasa, bai haɗa ba.

Sau biyu tana faɗuwa a matakalar. Ɗansu ya ce in wata ya ƙare ba a kafa ƙarfen ba, zai ɗauke ta ta koma gidansa. Ita kuwa ta ce shekararta arba'in da ɗaya a ɗakin nan, ba inda za ta, kuma ba baƙon da zai taɓa injin mijinta. Sai ni. Ni da na shekara ashirin da shida ina koyar da ilimin ƙarafa a kan allo, aka sallame ni da takardar yabo da agogon bango wanda bai kai shekara yana aiki ba.

Laraba, 5 ga Maris

Na zana jadawali na manna a bango: kaurin ƙarfe, ƙarfin wuta, gudun waya. Sai na tarar lambobin maɓallin gudun wayar duk sun goge. Babban yatsan Yaya ya cinye su.

Ya saba ce min, "Ɗan boko, ba a karanta inji, saurarensa ake yi." Ni kuma in yi ta zuba masa bayani har ya yi hamma. Na tuna ranar da na kawo abokaina na jami'a gida, suka tambaye ni ko wane ne, na ce mai gyara mana ƙofa ne. Ya ji. Bai taɓa tayar da zancen ba har ya mutu. Akwatin ƙarfen da na tafi jami'ar da shi, shi ya ƙera min.

Asabar, 8 ga Maris

Walda kamar kashin kaji. Na ƙona hannun riga.

Laraba, 12 ga Maris

Na haɗa wa ƙarfen ƙafa biyu, na ga kamar sun kama. Ɗan Yaya ya biyo daga wurin aiki, ya dafa da hannu ɗaya, ya ɗan girgiza, ƙafar ta ɓalle. Ya ɗauka ya miƙo min da ladabi, ya ce, "Baffa, ka daina wahalar da kanka." Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Alhamis, 13 ga Maris

Ina cikin aiki sai muryar matar Yaya ta tagar kicin: "Ɗan boko, wayarka ta yi gudu."

Na ɗaga gilashin fuska na ce, Uwargida, yaushe kika yi digiri? Ta ce a tagar nan ta yi shi, tana wanke-wanke. Wai in injin yana tat-tat-tat kamar mai tari, yana ture hannu, waya ce ta yi yawa, nan Yaya zai yi tsaki ya rage. In kuma yana huci yana ɗiga jefi-jefi, waya ta yi kaɗan. In ya daidaita, ƙarar kamar an fasa ƙwai cikin mai mai zafi take, ba yankewa. A lokacin ne yake fara fito da baki, ita kuma ta san aiki ya kama hanya, sai ta ɗora ruwan shayi.

Na nuna mata jadawalina. Ta ce rubutuna yana da kyau.

Na rufe rumfar na tafi gida da wuri.

Litinin, 17 ga Maris

Ban je ba. Kwana huɗu ke nan. An ce jiya ɗanta ya kawo kwalaye, ta zauna a kansu ta ƙi tashi.

Alhamis, 20 ga Maris

Na koma. Na ɗauki guntun ƙarfe na gwaji, hannu ɗaya a bindigar walda, ɗaya a maɓalli. Ban kira ta ba, tagar dai a buɗe take. "Rage." Na rage. "Ka wuce, ƙara kaɗan. Kaɗan na ce, kai da ba ka san kaɗan ba tun kana yaro."

Sai ga shi. Ƙarar nan. Ban ankara ba sai na gan ni ina ɗan shekara tara a bakin tsohon shagon da Yaya ya koyi aiki, yana daka min tsawa in juya baya kada hasken ya ci min ido. Injin shagon ba irin wannan ba ne, na sani. Amma abin da na gani ke nan.

Na nufi tagar. Da na leƙa, ta juya baya tana goge kofin da ya riga ya bushe.

Asabar, 29 ga Maris

An kafa. Ɗan Yaya ya kama da hannu biyu, ya jijjiga, ya hau ya zauna a kai da duk nauyinsa. Uwarsa ta ce ya sauka kada ya lanƙwasa mata kaya. Ta sauko matakala uku, ta hau, ta sake saukowa, tana kallonsa. Ya kwashe kwalayensa.

Layin waldar bai kai na Yaya kyau ba. Ita ma ta faɗa.

Litinin, 31 ga Maris

Na je rumfar ne don in share kawai. Akwai wata kujera mai karyayyar ƙafa, na ce bari in taɓa. Jadawalin ya faɗo bayan tebur, ban sami lokacin ɗaukowa ba.

Ban daɗe da farawa ba na ga kofin shayi a bakin taga. Na ce ai ban tambaya ba. Ta ce fito ta ji.

Ni dai ban san na yi ba.