San Malam Basiru

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Baba. Yaya ƙafar taki, yaya damina? Mu lafiyar jiki ƙalau muke. Na ɗauki waya sau da yawa in faɗa miki wannan magana, bakina ya ƙi, shi ya sa na rubuto.

Tun ranar Asabar ɗin da muka kwana a daji ban sake buɗe littafi ba, ni da kike cewa ko tuwo na ƙonewa sai na kai ƙarshen shafi. Alhajin da maigidana yake yi wa tuƙi a Dawanau ne ya aike shi duba wata gona can bayan Ɗambatta, da motar nan mai jan ƙafa huɗu. Na nace sai ya tafi da ni mun kafa tanti, yadda masoya suke yi a littattafaina. Ya ce damina ce, na yi ta kuka har ya nemi izinin Alhaji.

Inna, daga inda kwalta ta ƙare komai ya yi kyau. Muka wuce gonaki har gidaje suka ɓace. Can na hango wani tafki cike da bado, balbelu sun yi fari fat a bakinsa. Shi kan tudu ya so mu tsaya. Ni na ce bakin ruwa, na ce ai motar ba ta kafewa, na karanta. Aka yi ruwa kafin gari ya waye, muka tashi tayoyi sun nutse har ciki.

Wani manomi, Malam Basiru, ya zo wucewa da shanun huɗarsa biyu. Ba mu roƙe shi ba. Ya kwance garma ya ɗaura igiya a motar. A ja na ƙarshe motar ta fito, amma ɗaya san ya zame, ƙafarsa ta gaba ta karye. Ina jin ƙarar har yanzu. A nan aka yanka shi.

Maigidana ya yi ta ba shi haƙuri, ya ce zai nemo abin da zai iya. Malam Basiru ya ce ba a karɓar komai daga baƙon da Allah ya kawo, kwanan san ne ya ƙare. Har ya sa mana tsoka a mota, wai kada amarya ta koma hannu rabbana. Na kasa dafa ta, maƙwabta na ba.

Ke kin san sa ɗaya ba ya jan garma. Na ga gonar mutumin nan, rabi kawai aka huɗe, ga ruwa na zuba ba ya jiran kowa. Maigidana bai taɓa cewa laifina ne ba.

Na san Baba ya sha wahalar koya wa san da aka saya da sadakina huɗa, yana sa ran haɗa shi da nasa. Ki ba shi haƙuri, ba zan iya kallon idonsa ba tukuna. Ki gaida kowa, ki sa ni a addu'a.

Ranar Laraba za mu zo da mota mu ɗauki san. Na ba Malam Basiru shi.

'Yarki,
Juwairiyya