Amsarki da Na Ɓoye a Tafin Hannuna

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Indo mai gyaɗa ta unguwar Karantina a Jidda,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa irin ta 'ya ga uwa, ina fatan kin sami masauki mai sanyi. Na san wasiƙa ba ta zuwa inda kike, ko da kina raye ma sai an karanta miki. Amma akwai maganar da na danne tun ina budurwa, ga shi furfura ta cika mini kai, na ga gara in faɗe ta a gaban mutane.

'Yar maƙwabciyata mai karatun adabi a jami'a ce ta tono ta. Ta ce wai akwai zamanin da marubutan Turai suka ɗauki shanyewar jiki suka mayar da ita abin misali, suna rubuta labarin mutanen da ƙafa lafiya, hannu lafiya, amma sun kasa motsawa daga inda rayuwa ta ajiye su. Na yi dariya har da tari. Na ce da sun zo Karantina da sun huta da ƙirƙira, unguwa guda ta mutanen da suka zo Hajjin shekara ɗaya suka share talatin suna cewa baɗi za su koma. Sai da ta fita na daina dariyar, don ni na ga shanyewa ta gaske a jikinki.

Da hantsi ne. Kina suyar gyaɗa a ƙofar ɗakinmu na langa-langa, cokali ya suɓuce daga hannunki. Na zaci gyangyaɗi kike. Gyaɗar ta ƙone ƙurmus kina kallonta, ido biyu. Likitan asibiti ya ce jijiya ce ta toshe a ƙwaƙwalwa, mu mai da ke gida, shi ke nan. Baki ya tafi, ƙafafu sun tafi, hannun hagu ya tafi. Ido ya rage miki, sai yatsun hannun dama.

Mu biyu muka shirya yadda za mu riƙa magana. In sa hannuna cikin naki in yi tambaya. Ki matse ki saki sau ɗaya, eh ke nan. Sau biyu, a'a. Matsewar ba ta da ƙarfi, ido ba ya ganinta, sai wanda hannunsa ke ciki. Baba ya riga ya rasu, ni kaɗai gare ki, sai na zama bakinki. Ko a haka ba ki bar mulki ba, Inna. In na tambaye ki ko koko ya yi daɗi, sau biyu kike matsewa, ki bi ni da harara.

Ana nan sai ƙaninki Kawu Sale ya zo Hajji daga Gumel. Rabonku da juna tun kafin a haife ni. Ya durƙusa gefen katifarki ya yi kuka kamar yaro. Bayan an sauko daga Arfa ya dawo ya ce ya yi magana da masu jirgin alhazai, za su karɓe ki a kwance. Dangi suna nan, akwai masu jinya, akwai ɗakinki. Sharaɗi ɗaya ne, sai na bi ki, don babu mai jin maganarki sai ni.

Ni kuwa a Jidda aka yanke mini cibiya. Gumel a bakinki kawai na san ta. Na fara koyon ɗinki a wani gida a unguwar Bagdadiyya, har an fara bar mini keke ni kaɗai. Ina da ƙawaye, ranar Juma'a mukan je bakin teku mu ci balila, dafaffen waken Larabawa. Da na tuna za a kai ni inda za a riƙa dariyar Hausata, sai na ce a raina ba inda za ni.

Ɗakin ya cika ranar, har da aminiyarki Hajiya Kaltume, Bahaushiyar Sudan mai sayar da turare. Na sa hannuna cikin naki. Kawu ya ce, “Yaya, in kai ki gida?”

Kika matse, kika saki. Ban taɓa jin kin matse da ƙarfi haka ba. Na jira ta biyu, ina roƙon Allah ta zo. Ba ta zo ba.

Na ɗaga kai na ce, “Ta ce a'a.”

Kawu ya gyaɗa kai, ya ce ai wa zai so barin maƙwabtakar Ɗakin Allah. Mata suka yi ta sa miki albarka. Ke kuwa ƙwayar idonki ta juyo a hankali ta tsaya a kaina, kuma ba ta sauka ba har ya ɗauki jakarsa ya fita.

Daga ranar hannunki ya mutu a cikin nawa. In tambaye ki ruwa, shiru. In tambaye ki ko in juya ki, shiru. Na gaya wa mutane ciwo ne ya ci gaba, har ni ma na so in yarda.

Sai wata azahar, irin wadda unguwa ke yin tsit saboda zafi, ko akuya ba ta kuka. Na dawo daga ɗebo ruwa ba takalmi, ba ki ji shigowata ba. Na ga yatsunki suna jan carbi, ƙwaya bayan ƙwaya, daidai wa daida. Tulu ya taɓa ƙofa. Yatsun suka tsaya cak, suka kwanta kamar ba su taɓa motsi ba.

Kwana biyu bayan haka Hajiya Kaltume ta fito daga wurinki tana murna, ta ce yau Indo ta gaishe ta da hannu. Na ji tsoro ƙwarai. In ta koyi tambayarki fa? A nan na yi abin da ya fi na farko muni. Na ce likita ya hana a riƙa taɓa miki hannu. Na saka shi ƙarƙashin mayafi, duk mai zuwa gaisuwa sai in zauna a tsakaninku.

Don gadin hannun nan na bar ɗinki. Na bar zuwa teku. Shekara huɗu muna ɗaki ɗaya, ke a kwance, ni a zaune, idonki a kaina duk inda na juya. Jiddar da na zaɓa a kanki, ban ƙara ganinta ba sai ta ƙofa.

Ranar ƙarshe, da safe, ina goge miki jiki na ji numfashinki ya sake. Na janye mayafin, na sa hannuna cikin naki. Na ce, Inna, na ji ki ran nan, sau ɗaya kika matse, ƙarya na yi. Kin yafe mini?

Na daɗe ina jira. Sai yatsunki suka naɗe nawa, suka matse. Na tsaya in ji kin saki, don sai an saki ake ƙirgawa. Ba ki saki ba. Hajiya Kaltume ce ta zo ta ɓamɓare yatsunki ɗaya bayan ɗaya, sannan ta rufe miki ido.

Inna, ban sani ba ko eh kika fara faɗa, ko rabin a'a ne. Na yi aure, na haihu, na ga jikoki, na tambayi malamai, babu wanda ya iya gaya mini. Ina kewarki, kuma har yau ina jin tsoronki.

Allah Ya jiƙan ki, Ya yalwata miki kabari, Ya tashe ki da ƙafafunki da harshenki. Ya haɗa mu a inda za ki ba ni amsa da bakinki, ko wace iri ce, zan tsaya in ji.

'Yarki mai laifi,
Zulai