Jirgin da Ba Ya Zuwa Ko'ina

Ƙuba, Madina
Farkon Sha'aban

Zuwa ga Yayata Shafa'atu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Malam da yara da duk mutanen Funtuwa. Yaya ƙafar taki? Kina shafa man da na aiko, ko kin rabar wa maƙwabta kamar yadda kika saba? Mu nan lafiya lau, maiɗakina Nadiya da 'yarmu Wafa suna gaishe ki.

Na ga saƙonki game da gidan Alhaji Sagiru na bayan tasha. Ki ce masa ya riƙe mini. Wa'adin koyarwata a jami'a zai ƙare bayan Babbar Sallah, kuma ban sa hannu a sabo ba. Shekara da shekaru ina cewa zan dawo gida, bana kam da gaske nake. Nadiya ta ce ita nan aka haife ta, nan aka haifi iyayenta, don haka in je in fara zama, su riƙa zuwa hutu. Ban ja da ita ba.

Amma ba wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami ba. Yaya, ana neman ƙwace mini 'ya a gabana, kuma mai ƙwacen kullum sai ya ci tuwon gidana.

Kin san Suhaib, ƙanen Nadiya, mai aikin gyaran jirgin ƙasan nan mai gudu da ke zuwa Makka. A watan jiya, ina fama da takardun jarrabawa, ya kwashi Nadiya da Wafa a motarsa zuwa duwatsun Tabuka, suka je suka ga dusar ƙanƙara. Tun da yarinyar nan ta dawo ba ta da zance sai na ƙanƙara da na kawunta. Ana cikin haka ya shigo mata da kwali. Wai ɗan jirgin ƙasa ne mai tafiya da lantarki, kansa bai wuce tsawon ɗan yatsa ba, da taragu uku da guntayen layin dogo. Za su gina masa gari a kan faifan katako, da tasha da dutse da rami, a lulluɓe komai da ƙanƙara.

Jirgin ƙasa fa, Yaya! A gidan wa? Ni da aka haifa a kwatas ɗin reluwe, ni da Baba yake ɗora ni a kafaɗa in ga yadda yake sauya wa jirgi hanya. Shekarar Wafa goma sha uku, ba ta taɓa tambayata ko yaya kukan jirgi yake ba. In na yi mata Hausa sai ta amsa da Larabci, kalma biyu, ta koma kan wayarta. Amma da Suhaib ya yi sallama za ki ji ta da gudu tana kiran kawu da Larabci, "Khali ya zo, khali ya zo!" Su baje takarda a falo suna zane suna dariya har a kira la'asar.

Kishi nake yi, ba sai kin faɗa mini ba. Ki gaishe da kowa.

Ƙanenki,
Lurwanu

Ƙuba, Madina
Tsakiyar Sha'aban

Yaya Shafa'atu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarki da ta mutanen gida. Na ji daɗi da kika ce ƙafar ta yi sauƙi. Dariyar da kika ce kin yi mini kuwa, Allah ya yafe miki.

Aiki ya yi nisa, kuma har yanzu ba a gayyace ni ba. Sun cire tsohuwar ƙofar ɗakin ajiya sun kwantar da ita a kan tebur, ita ce filin garin. Suhaib ya ce mai farawa ya fara da ƙarami, tasha ɗaya ta isa. Komai ya faɗa sai Wafa ta gyaɗa kai kamar a gaban limami. Ni kuwa da ɗalibai suke tasowa daga ƙasashe don su saurare ni, a gidana ban kai matsayin mai riƙe tsinken awo ba.

Ranar Juma'a na leƙa zanen. Layin dogon zagaye ne kamar ƙwai. Jirgi ya tashi daga tasha, ya shige rami, ya ɓullo ta bayan dutse, ya dawo inda ya tashi. Na ga dama ta samu. Na ɗaga murya yadda Suhaib zai ji, na ce ban taɓa ganin ma'aikacin jirgi da bai san jirgi daga wani gari yake zuwa wani gari ba. Na ce wannan ai jirgin da ba ya zuwa ko'ina ne. Suhaib ya yi murmushi kawai ya ci gaba da feƙe fensir. Wafa ce ta naɗe takardar ta shige ɗaki. Na ɗauka haushin an taɓa kawunta take ji, abin ya ƙara ƙona mini rai.

Sai maganar ƙanƙara. Suhaib ya ce akwai wani farin gari da ake sayarwa musamman, za a barbaɗa a kan gam, amma sai ya je Jidda. Na ce a raina, yau ga inda zan fi shi. Ni ban taɓa ganin ƙanƙara tana zubowa daga sama ba, amma kin tuna tashar Funtuwa lokacin kakar auduga, yadda fari yake kwanciya a gefen layin dogo har kan rufin ofis? Na biya kantin magani na sayo auduga ƙunshi guda. Wata rana da suka tafi gidan surukata, na zauna na yayyage ta, na shimfiɗa a kan dutsen kwalin da gefen layi. Wallahi ta yi kyau. Na tsaya ina kallo har na ji kamar zan hango Baba da tutarsa.

Da suka dawo, Wafa ta tsaya ta ce, "Masha Allah, ya Baba." Na ji zuciyata ta cika. Ta kunna jirgin don ta gwada. Ya tafi kamar taku ɗaya, ya yi ƙara, ya tsaya cik. Zaren audugar ya naɗe ƙafafunsa har cikin injin. Ba ta yi kuka ba. Ta ɗauki waya ta kira kawunta.

Ya zo da ɗan hantsaki ya zauna yana zare auduga sili-sili, tana riƙe masa fitila. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Sai cewa yake, "Ma'alesh ya ustaz, ba komai, kowa yana yin haka da farko." Har da yaba mini wai ina da ido. Mutumin nan ko fushi ba zai yi ba don in samu abin riƙewa.

Ki ce wa Alhaji Sagiru maganar gida tana nan daram. In na tafi, ban ga wanda zai lura da kujerata babu kowa ba.

Naki,
Lurwanu

Ƙuba, Madina
Ƙarshen Sha'aban

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, kuna ta shirin azumi. Allah ya nuna mana da rai da lafiya. Ki gaishe da Malam, ki ce masa dabinon yana hanya a hannun wani ɗalibina mai dawowa.

Jiya aka gama garin. Tun bayan abin audugar ban ƙara kusantar teburin ba. Ina dai ganin Wafa da tsinken sakace tana fentin wasu 'yan mutum-mutumi da ba su fi ƙwayar gyaɗa ba. Da hantsi ta zo ta tsaya a ƙofar ɗakin karatuna ta ce in zo in gani. Suhaib ba ya nan, yana wurin aiki, shi ya sa na tashi.

Gaskiya abin ya yi kyau, ko da yake ba na son in faɗa. Fari ya kwanta a kan dutse da rufin tasha da 'yan itatuwa. A dandalin tasha ga mutane uku a tsaye. Ga mai baƙar abaya, Nadiya ke nan. Ga ƙarama mai jan mayafi, Wafa. Ga dogo a gefenta da rigar aiki, ba sai an gaya mini ko wane ne ba. Na duba bayan tasha, na duba gindin itatuwa, na duba bakin rami. Babu ni. Na ce mata garin ya yi kyau, kuma na ga kowa ya samu wuri. Na juya zan fita.

Sai ta riƙe hannun rigata. Ta sa farce ta ɗaga rufin taragon tsakiya. Ga ni a zaune a jikin taga, da hulata ta zanna, da tabarau, da ɗan akwati a kan cinya. Ta ce, da Hausarta mai ɗingishi, "Ai kai kullum za ka tafi, ya Baba. Tun ina sagira kake cewa za ka tafi."

Sai na kama kame-kame. Na ce to ai kawunta ya zana mini hanyar da ba ta kai mutum ko'ina. Ta ce ba shi ya zana ba. Shi miƙaƙƙen layi ya so, daga wannan gefe zuwa wancan, don ƙofar ba ta da faɗi kuma lanƙwasa tana wahalar da jirgi. Ita ce ta ƙi, har suka yi kwana biyu ba ta yi masa magana. Ta kunna jirgin. Muka tsaya muna kallo ya bar tasha, ya shige rami da ni a ciki. Ta ce, "Ashan yirja'." Ta ga kamar ban ji ba, ta maimaita da Hausa, "Don ya riƙa dawowa."

Ya ɓullo ta bayan dutse ya tsaya a gaban mai jan mayafi.

Wannan zanen na tsaya a kansa na yi wa ba'a a gabanta. Ina ta ƙirga dariyar da take yi wa kawunta, ban taɓa lura ba cewa duk lokacin da na ce "in na koma gida" sai ta tashi daga wurin. Ashe yarinyar nan ta daɗe tana koya wa kanta tsayuwa a tasha.

Na miƙa hannu in taɓa ɗan mutumin, sai ya faɗi a cikin taragon. Ta ce sauran duk ta manna su da gam, ni kaɗai ta bari, don ba ta san inda zan zauna ba.

Yaya, ki ba Alhaji Sagiru haƙuri, ya ba wani gidan. Na san kin riga kin share ɗaki a ranki, kuma ni ma ina kewar Funtuwa har ƙashina. Zan zo hutu in sha Allah, tare da ita, in nuna mata inda Baba yake tsayawa.

Na so in ɗan matsar da mutum-mutumin Suhaib gefe, amma gam ɗin ya riga ya kama shi, ko motsi ba ya yi. Sai na haƙura na ajiye nawa a dandalin tasha, a ɗaya gefen mai jan mayafi, na ce ta kawo gam ta zuba da yawa.

Ƙanenki mai ƙaunarki,
Lurwanu