Ba Fure Na Kai Mata Ba

Zuwa ga ƙanwata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikoki, ya ƙafar taki? Ni lafiya lau, sai dai wuni nake a ɗaki, ba wanda zan ce wa sannu. Maƙwabci ke rubuta mini, kin san ni da alƙalami sai kallo.

'Yar taki ta ɓata mini rai. Kin san sana'arta zana littattafan soyayya masu hotuna, waɗanda manyan mata ke saye. To, labarina da marigayiya uwarta ta zana! Wai na durƙusa da fure a hannu. Ni? Akuyarta ce ta cinye mini shuka, na je rigima, ta wanke ni tas, na dawo ina sonta. Na ce ta gyara, ta ce, "Baba, mata ba sa sayen labarin akuya." Na ce, "Ja'ira, ƙarya suke saye ke nan?"

Don Allah ki kira ta ki ba da shaida, ke kaɗai kika rage cikin waɗanda suka gani. In na mutu, jikoki za su ɗauka kakarsu ba ta da baki.

Allah ya bar zumunci.

Yayanki.