Safar Hannun Abdulghaffar

Hindawiyya, Jidda
8 ga Yuni, 2002

Zuwa ga Maman Zakiya,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da yara da duk mutanen Katsina. Yaya ƙafar Inna? Ki ce wa Zakiya sakamakonta ya faranta mini rai, lissafin ne kawai yake son ƙarin ƙoƙari.

Ni lafiya lau, mun gama jarrabawa a makaranta. Garin nan ba a zancen komai sai gasar kofin duniya. Jamus ta yi wa Saudiyya takwas da nema, Kamaru ta ƙara mata ɗaya, mutane duk rai a ɓace. Saura wasa guda, ranar Talata, da ƙasar Ayalan.

Kin san samarin nan na unguwar Kurayyat da nake koya wa ƙwallo ranar Alhamis. Iyayensu 'yan Nijar ne da Chadi, su kuma a nan aka haife su, Saudiyya suke goyon baya har cikin zuciya. Tun bara muka sami mataimaki, wani Bature mai suna Fargal, mutumin Ayalan, mai gashin ƙashi a wani asibiti. Shi ya gyara gwiwar ɗaya daga cikinsu, daga nan ya riƙa zuwa fili. Yanzu ya gayyace mu kallon wasan Talata a gidajen ma'aikatan asibitin, inda 'yan ƙasarsu za su taru.

Na so ƙwarai, amma na tsorata. Shekaranjiya na ga wani shiri a talabijin kan ta'asar 'yan kallon ƙwallo a Turai. Aka nuno filin wasa a Dablin, babban birninsu, Turawa suna ɓalle kujeru suna jifa har aka tashi wasa. Mai magana Larabci yake yi da sauri, sunan garin kawai na kama. Ga shi an ce a irin gidajen nan akan haɗa giya a ɓoye.

Abdulghaffar ne damuwata, mai tsaron gidan ƙungiyarmu. Shekararsa sha tara, ban taɓa koyar da mai natsuwarsa ba. Tun da mahaifinsa ya rasu kafilin da ya tsaya musu wurin hukuma ya janye, iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta mutu, shi ke ciyar da mahaifiyarsa Salamatu da dako a bayan tashar jiragen ruwa. Rigima ƙarama ta isa 'yan sanda su zo su nemi takarda, sai a kai shi Nijar da bai taɓa gani ba. Na yanke shawarar mu yi kallo a wata gahawa, wato shagon shan shayi, a unguwarsu, cikin mutanenmu. Na ce wa Fargal uzuri ya taso.

Ki taya mu da addu'a.

Naki,
Isha'aku

Hindawiyya, Jidda
13 ga Yuni, 2002

Maman Zakiya,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna da yara, da fatan kowa lafiya. Ki yi haƙuri da rubutuna yau.

An kama Abdulghaffar.

Bayan azahar muka je gahawar. Wuri ya cika, ga zafi, ga hayaƙin shisha. Tun farkon wasa Ayalan ta ci, mutane suka fara zagin 'yan wasa da iyayensu. Da aka ci na uku wani ya jefi talabijin da kofin shayi. Mai gahawa ya cafke shi, abokansa suka taso, kujeru suka fara yawo. Na tura samarina waje, na ƙirga su, babu Abdulghaffar. Ashe wani dattijo ne ya faɗi a ƙarƙashin tebur, ya tsaya ɗaga shi. Motar sintiri ta iso yana ciki. Waɗanda suka yi faɗan duk masu takarda ne, an yi musu faɗa an sallame su. Shi da bai ɗaga wa kowa hannu ba, da rigar Saudiyya a jikinsa aka saka shi mota.

Na bi su, na nuna tawa iƙamar, na ce ɗalibina ne. Ɗan sandan bai wulaƙanta ni ba. Ya ce ya san yaron bai yi komai ba, amma takarda takarda ce, halas, magana ta ƙare. Yanzu yana tarhil, inda ake tsare waɗanda za a mayar ƙasashensu.

Ni na je na faɗa wa Salamatu. Ba ta yi kuka a gabana ba. Ta ce ai ta ji daɗi da ta ji ba wurin Turawa zan kai su ba, don ta san malam ba zai kai mata ɗa inda za a yi rigima ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Naki,
Isha'aku

Hindawiyya, Jidda
2 ga Yuli, 2002

Zuwa ga Maman Zakiya,

Assalamu alaikum. Wasiƙarki ta iso, na gode da lallashin. Allah ya ƙara wa Inna sauƙi. Ki shafa mini kan yara.

Mun yi iya ƙoƙarinmu, dattawan unguwa sun shiga, ba a dace ba. Jibi jirginsu zai tashi zuwa Yamai.

Fargal ya zo fili da ya ji labari. Na faɗa masa gaskiyar abin da ya hana mu zuwa. Ya tambaye ni ko na lura da tutocin masu ɓalle kujerun. Ban lura ba. Ya ce ranar yana cikin filin da ƙanensa. Wasu 'yan Ingila ne suka tsallako teku suka yi ɓarnar, mutanen gari suna ƙasa katako na sauka a kansu. Ya ce bai rantse ba kan kowane ɗan ƙasarsa, suna sha kuma suna da surutu, amma abin da aka san su da shi waƙa ce, ko an ci su ko sun ci. Ranar Talatar nan sun hana kowa kawo abin sha saboda mu. Sun sayi shinkafa da naman rago, sun share ɗaki don sallar la'asar. Abincin masu gadi suka raba wa.

Shekara nawa ina koya wa yara taswirar duniya, ina nuna musu tsibiri biyu, na Ayalan da na Ingila, da teku a tsakani. Da tsoro ya zo duk na haɗa su Turawa. Mutumin nan kowace Alhamis muna tare, tambaya ɗaya ta isa, kunya ta hana ni yi masa ita.

Ga roƙona. Dangin Salamatu a Maraɗi suke, can zai nufa. Ki sa ƙanenki Abdulghani ya neme shi in ya je kasuwa, adireshin yana bayan takardar nan. In hali ya yi ya kawo miki shi ya kwana biyu. Ki riƙa yi masa magana a hankali, yana jin Hausa amma bakinsa Larabci ya fi kamawa, kada yara su yi masa dariya.

Ƙunshin da ke tare da wasiƙar nan nasa ne. Safar hannu ce ta mai tsaron gida, Fargal ya sa aka kawo daga Dablin, ya yi niyyar ba shi bayan wasan. A tarhil sun ƙi karɓa. Salamatu ta riƙe ta kwana biyu, sannan ta dawo mini da ita ta ce a kai masa, can ma ai ana buga ƙwallo.

Mijinki,
Isha'aku