Yatsun da Ke Gano Sauran Roba

Zuwa ga Yayana Nasiru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan jiki da sauƙi, na san matarka Anti Balaraba ce za ta karanta maka wannan wasiƙa a gadon asibiti can Kaduna. Ina yi mata sannu da jinya.

Yaya, ka tuna ranar da ka shigo gidanmu na Gyadi-Gyadi da kwalin jirgin sama na roba, irin wanda ake cire gutsattsarinsa daga firam a haɗa? Ni na yi azarɓaɓi na murɗe fiffike da hannu. Wurin ya yi fari fat, ga ɗan tsini ya rage. Na zaci zan sha faɗa. Sai kawai ka ce, "Hadiza, sau biyu ake yanka. Na farko nesa, na biyu kusa."

A zaune ɗaya ka nuna mini sauran. A datse da ƙaramar filaya a bar ɗan saura, a fere shi da reza a hankali, a bi da samfefa mai kaushi, sannan mai laushi. Idan fari ya ƙi tafiya, a murza da farce.

Da hawan jinin ido ya kama ka, ka rufe shagonka na gyaran agogo a Tarauni. Mu muna kuka a ɓoye, kai kuwa ka sa aka shimfiɗa maka tabarma a tsakar gida, aka kawo kwalin jirgin ruwa. Ni ke yanka, kai ke gogewa. Sai in miƙo maka gutsure ina ji da kaina, ka shafa da babban yatsa sau ɗaya ka maido mini, ka ce, "Da saura." In ɗaga shi a rana, wallahi da sauran.

Jiya Anti ta kira ni. Likita ya ce idon dama ya tafi, na hagu za a yi ƙoƙarin cetowa ranar Litinin. Ta ce kai ne ma ka rarrashe ta. Ban yi mamaki ba, amma na kasa cin abinci.

Jirgin ruwan yana kan teburinka, na lulluɓe shi da ɗankwalina. Saura gutsure shida, kuma ba zan taɓa su ba. Ko da ido ka dawo ko babu, Yaya, kai za ka ƙarasa shi.

Allah Ya ba likitoci sa'a, Ya tashi kafaɗunka, Ya dawo mana da kai gida.

Ƙanwarka mai kewarka,
Hadiza